Ranar da Mma Habsa Ta Ƙi Yafewa

"Kwance shi," in ji Mma Habsa.

Ƙanenta Buraima bai ko ɗago kai ba. Ya danne ƙullin kayan da gwiwa, ya ƙara jan igiya.

"Na ce ka kwance. Tabarmata ce ko taka?"

"Yaya, lori ba ya jiran kowa. Gobe bayan azahar za a tashi."

"Shi tashi mana. Allah shi kiyaye hanya."

Ina tsugune a tsakar gida ina surfa waken ƙosai, duk ina jinsu. Ni Rakiatu, ɗakina na jikin nata tun ina amarya, har tarinta na san wanda yake na mura da wanda ba na lafiya ba. Na wannan watan kuwa ba na lafiya ba ne. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ya daina shiga.

Cikin azumin 1969 ne, lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar Ghana. Zongo, unguwarmu ta baƙi, ta koma kamar kasuwar da ruwa ya tasa. Kowa tasa ta fisshe shi. An yi walƙiya mun ga kowa, don wasu da muke cin tuwo kwano ɗaya da su, su ne suka fara taya keken ɗinkin maƙwabtansu da kuɗin goro. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mma Habsa daga Dogon Dutsi, can tsallaken iyaka, aka zo da ita, tana goye a bayan uwarta. A nan ta yi wayo, a nan ta auri marigayi Bawah, mutumin garin Wa da ke arewacin Ghana. A masallaci aka ɗaura, aka raba goro, wa ya san wata takarda a lokacin? Ɗansu ɗaya, Muniru, shi ɗan ƙasa ne ta wajen uba. Ita kuwa, da ta tsufa a ƙofar gidan nan tana sayar da kananzir, rana ɗaya aka ce baƙuwa ce.

Da wannan teburin kananzir ta kai Muniru har jami'a, wadda mu muke kira Tek, yana karatun injiniya. Na tuna ranar da ta tare shi da tambaya, tana riƙe da mazurari.

"Kai mai boko, wai shi wanga abu, ina a ka samo shi?"

Ya ce a ƙarƙashin ƙasa yake, can ƙasa da inda rijiya take tsayawa, wani ma a ƙarƙashin teku. Ana huda dutse da ƙarfe a jawo shi baƙi ƙirin, a kai matata irin ta Tema a dafa, fetur ya fita daban, kananzir daban. Ya ce akwai masu karatun wannan kaɗai, su san inda za a huda da yadda za a huda, amma a ƙasar nan ba su da yawa.

Ta nuna shi da mazurarin. "To ni na ƙare rayuwata ina awon kwalba. Kai ka tahi ka samo rijiyar."

Tun daga ranar ba ta da wani zance. Sai ga shi kuwa an ce Turawa na lalube a bakin teku, za a zaɓi ɗalibai kaɗan a tura su waje su koyo haƙar mai. Sunan Muniru na cikin waɗanda za su zauna jarrabawar. Ranar jarrabawar kuma ita ce ranar tashin lorin Buraima.

Ana cikin rigimar ƙullin nan sai ga Muniru ya shigo da akwatinsa a ka. Ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya durƙusa ya gaishe ta.

"An yi hutu ne?" ta tambaya.

"A'a, Mma. Na zo in kai ki. Kawu na da yara da mata, ba zai iya da ke a kan lori ba. In na zaunar da ke sai in dawo."

"Ka dawo ka iske mi?"

Ya sani, mu ma mun sani. Mutane na kwana a bakin iyaka ba a san ranar wucewa ba, can Dogon Dutsi kuma ba ta da wanda zai ba ta ko ruwan alwala. In ya tafi ya tafi ke nan. Jarrabawar kuwa ba za a sake ta don ɗan mai kananzir ba.

Kafin ta yi magana wani mutum ya leƙo, irin masu bin gida-gida suna sayen kayan masu tafiya. Ya ƙwanƙwasa durom ɗinta da ɗan yatsa, ya tambaya da Turanci nawa za ta bar masa. Tsohuwar da tun safe ba ta iya miƙewa ba, sai ga ta tsaye da muciyata a hannu.

"Menko!" ta ce masa da Asantanci, wato ba za ta tafi ba. "Ka ji ko? Menko koraa! Ka zo jibi ka sayi kananzir, ka taho da kwalbarka."

Mutumin ya fita da baya-baya, har ya yi tuntuɓe da turmina. Na yi dariya har da hawaye, rabona da dariya tun farkon azumi. Amma tana komawa ta zauna na ga yadda ƙirjinta ke hawa da sauka, nan take dariyar ta yanke.

Da gari ya waye ba ta tashi ba. Na shiga na ga yadda idanunta suka koma, na fito na aika a kira Malam Jibirin, limamin unguwa. Mata suka cika ɗakin. Kowa ya san abin da ake yi a irin wannan lokaci: a matso ɗaya bayan ɗaya a nemi gafara, mai tafiya ya yafe, shi ma a yafe masa. Buraima ya matso yana kuka, ta yafe masa. Ni ma ta yafe mini, har da ce mini in rage faɗa. Sai Muniru ya durƙusa ya kama ƙafarta.

"Mma, ki yafe mini."

"Ban yahe ba."

Wata ta ce, "Subhanallahi!" Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin uwa ta faɗi haka a kan shimfiɗar mutuwa ba.

"Habsa, ki ji tsoron Allah," in ji Malam Jibirin. "Me yaron nan ya yi miki?"

"Malam, ina akwatinai?"

"Yana ƙofa."

"To nonon da ya sha ban yahe ba, sai akwatin ga ya koma inda ya hito, shi kuma ya zamna ya rubuta abin da an ka ce shi rubuta."

"Mma, ki dubi halin da kike ciki," in ji Muniru. "In na tafi na dawo ban same ki ba fa?"

"Zamanka na hana Mala'ika shigowa? Gwamnati ta ce in tashi, ban tashi ba. Kai ma ba ka tashe ni, kuma ba ka zamna mini a kai. Tahi."

Ta juya fuskarta bango. Malam ya yi wa'azi, mata suka yi roƙo, ta yi kunnen uwar shegu da mu duka. Wallahi a lokacin haushinta na ji. Yaro na kuka kamar ransa zai fita, ita ko gezau.

Daga ƙarshe Malam ya dafa kafaɗarsa. "Tashi, Muniru. Ba a jayayya da uwa a nan wurin."

Ya ɗauki akwatin ya fita. Sai ta kira ni da hannu, ta ce in bi shi, kada in dawo sai na ga ƙafarsa cikin mota da idona. Na bi shi har bakin titi ba mayafin kirki. Ya shiga tirotiro, ƙaramar motar haya, bai waiwayo ba, ya dai kifa kai a kan akwatin.

Na dawo da gudu. "Ya hau, Mma."

"Kin gani?"

"Na gani."

Ta lumshe ido. "Malam, ka shaida. Rakiatu, ki shaida. Na yahe mishi duniya da lahira. Tun yana ciki bai taɓa ɓata mini ba." Ta huta kaɗan, ta ƙara da cewa, "Wanda duk ya je kiranai kahin shi gama, shi ne ban yahe ma ba."

Ba wanda ya je. Ana kiran azahar ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Mu muka yi mata wanka. Da aka zo neman tabarmar da za a naɗe ta, sai aka tuna tana cikin ƙullin. Buraima ya ɗaure shi tamau, igiyar ta ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Direban lori ya aiko a karo na biyu, Buraima ya ce a gaya masa in ya ga dama ya tafi. Bai tafi ba, shi da fasinjojinsa duk suka sauko suka bi sahu.

An ɗaga makara ke nan za a nufi maƙabartar Tafo sai ga Muniru ya shawo kwana, alƙalami na maƙale a aljihun rigarsa. Ya tsaya cak. Bai dubi makarar ba, ni ya nema a cikin mata.

"Anti Rakiatu, ta ce?"

"Ta ce. Tun kana cikin mota ta ce ta yafe, a gaban Malam."

Ya gyaɗa kai, ya cire takalmansa na makaranta, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makarar.

Sunansa ya fito cikin waɗanda aka zaɓa, bayan babbar salla jirgi ya tashi da shi. Amma ni abin da ya fi zauna mini shi ne yammacin ranar. Lori ya tafi, gida ya yi fayau, ana jiran shan ruwa. Sai ga wata Ba'asantiya daga unguwar Akwatialine, tsohuwar mai sayen kananzir a wurinta, da kwalba a hannu, ba ta ji labari ba. Ta dubi tebur, ta dubi kujerar.

"Maame fa?" ta tambaya, tana nufin Mma Habsa.

Muniru ya tashi, jar ƙasar Tafo na nan a gwiwoyin wandonsa. Ya karɓi kwalbar, ya ciro mazurarin daga jikin ƙusa, ya ɗaga kwalbar saitin sauran hasken rana kamar yadda take yi, ya fara zubawa a hankali.