Turaren da Ke Mutuwa Kafin La'asar

Shekara huɗu Ja'afar yana tuƙa Alhaji Datti, dillalin hatsi a Gaya, bai taɓa goga motar ko da reshen bishiya ba. Amma ba ta wajen tuƙi matsala ta ɓullo masa ba. Wata rana suna dawowa daga Kano da tsakar rana, Hajiya Ummu Salma, matar Alhaji, ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Alhaji, direban nan naka sai ka ce buhun gyaɗar da ruwa ya daka." Ko muryarta ba ta rage ba. Masu hali sukan manta cewa direba yana da kunne.

Da suka isa gida Alhaji ya ce, "Ka dai ji. Ka gyara, ko in nemi wani."

Ja'afar ba ƙazami ba ne. Sai dai kullum daga ƙauyensu Gafasa yake tahowa a kan babur, ya wanke mota, ya ɗauki buhu idan 'yan dako sun yi ƙaranci, sannan ya shiga sitiyari. Gonarsa kuwa bana ya bar wa ƙanensa Usaini, har an yi shuka an gama noman farko. In aikin nan ya kuɓuce, ba shi da inda zai kafa fartanya sai baɗi.

Ranar kasuwar Ajingi ya je rumfar Kabo mai turare, wanda ke ɗura wa mutane mai da sirinji a 'yan kwalabe.

"A'a, direban Alhaji! Zance za a koma da furfura?"

"Bar wasa, Kabo. Aikina nake so in tsare. Ba ni mai ƙamshin manya da kuɗin ƙanana."

Kabo ya ɗiga masa wani a bayan hannu. Ja'afar ya shinshina ya yamutsa fuska. "Wannan ai alewa ce, na samari ne." Aka ɗiga na biyu. "Haba, wannan ai shi ake sa wa likkafani." Na ukun kuwa, yana kai shi hanci ya gane shi. Ƙamshin da ke cika mota ne duk safiya in Alhaji ya shigo.

"Shi nake so."

Kabo ya yi dariya. "Hancinka ya fi aljihunka tsada. Na ainihin daga waje ake kawo shi, kuɗinsa ya kai na ɗan maraƙi. Wannan kwaikwayonsa ne. Da safe ko wanda ya haɗa su ba zai raba su ba. Amma na gaskiyar yana kwana biyu a riga, wannan kuwa kafin la'asar ya mutu. Ga wasu da suka fi shi daɗewa, in za ka ji tawa."

Bai ji ba. Ƙamshi ɗaya ya sani wanda ba a toshe wa hanci a motar nan. Ya ɗauka abin da Alhaji ke so a jikinsa zai so shi a jikin wani. Nan ya yi kuskure, kuma kuskure ne na wanda bai san manya ba.

Washegari Alhaji ya shigo mota, ya ja numfashi, ya sake ja. Sai ya miƙa hannu ya buɗe aljihun gaban mota, inda yake ajiye kwalbar turarensa, ya ɗaga ta saitin rana.

"Ta ragu."

"Ranka ya daɗe, nawa ne. A Ajingi na saya." Ja'afar ya zaro 'yar kwalbarsa.

"A ciki ka tsiyaye ke nan. Shekara huɗu na ba ka amanar mota!"

"Wallahi ban taɓa ba. Alhaji, a ba ni zuwa la'asar. Naka kwana yake yi, nawa mutuwa yake. In la'asar ta yi kana jin sa a jikina, ka kai ni wajen 'yan sanda."

Alhaji ya karɓe makulli ya tuƙa kansa. Ja'afar ya zauna a ƙofar gida, ya ƙi shiga inuwar darbejiya, don rana ta yi saurin cinye turaren. Magidanci mai 'ya'ya biyar, yana zaune a rana yana roƙon Allah warin guminsa ya dawo. Ya dawo kuwa.

Bayan sallar la'asar Alhaji ya fito, ya matso, ya shinshina kafaɗarsa a gaban mutanen da ke jiran awon dawa, ya ja da baya.

"To, na yarda ba sata ka yi ba."

Ja'afar ya durƙusa. "Na gode, ranka ya daɗe."

"Amma ka ji kanka yanzu? Abin da Hajiya ta yi kuka da shi ke nan. Da safe kuma in shiga taro da kai a bayana, a rasa wane ne Alhajin? Ka je. Yarona Kamilu zai karɓi motar."

Haƙurin da Alhaji bai ba shi ba kan zargin sata, har yau bai ba shi ba.

A gida matarsa Hansai ta ga kwalbar, ta buɗe ta shinshina. "Kai, Baban Khaula, wannan ai ƙamshin masu kuɗi ne!"

"Rufe ki ajiye," ya ce.

Da gari ya waye ya yi wanka kamar kullum, ya tsaya a tsakar gida da makullin babur a hannu. Can ya rataye makullin, ya ɗauki fartanya, ya nufi gonarsa ya tambayi Usaini ko yana neman ɗan ƙwadago. Usaini ya sunkuyar da kai ya ce ya riga ya ɗauki mutum biyu.