Minti Goma a Kan Sauti Ɗaya

Malachy na cikin zuba gwaninta, yatsunsa na gudu a kan jita, Fredrick ya ɗaga hannu ya tsayar da mai ganga.

"Ka iya, ɗan'uwa," ya ce da Turanci. "Amma sauti ɗaya na ce ka riƙe mini, minti goma. Ban da kwalliya."

Fredrick ne shugaban makaɗan funk da ke atisaye a wannan gareji na unguwar Glenwood, kuma mai jita ɗaya tak suke nema su tafi yawon wasa da shi. Malachy ya sake gwadawa. Ko minti biyu bai yi ba hannunsa ya fara ƙaiƙayi, ya saki wata kwalliyar. Shekara ashirin yana tayar da coci tsaye da ita, yau a ce ya ɓoye?

Fredrick ya dubi Jerry da ke zaune a gefe. "Kai fa, kana taɓawa?"

Don ya ga nasararsa Malachy ya kawo Jerry, ba don wani abu ba. Shekara shida ke nan da Jerry ya zo daga Pankshin ya shiga makaɗan cocinsu. Tun ranar farko da Malachy ya ji zaƙin hannun Jerry a kan jita, gabansa ya faɗi, sai ya tura shi baya kusa da ganga, ya ce ya riƙe kiɗa kawai. Ko a Kirsimeti bai taɓa barinsa ya fito gaba ba.

Jerry ya karɓi jitar, ya sunkuyar da kai, ya kama: caka-cak, caka-cak. Bai ƙara ba, bai rage ba. Mai ganga ya fara murmushi. Malachy ya ga ƙafarsa shi kansa tana bin kiɗan, ya danne ta da ƙarfi. Hassada ce ta cika masa ciki, ya kuma san sunanta.

Da minti goma ta cika, Fredrick ya rungume Jerry, ya ce Juma'a za su tashi.

Malachy ya ja mota suka kama hanyar gida, har suka hau titin Gate City Boulevard. Nan Jerry ya share hawaye.

"Oga Malachy, na gode. Ka san sau nawa na yi fushi da kai a raina? Ashe training kake ba ni."

Da zagi ne da ya fi wa Malachy sauƙi. "Ba komai," ya ce, yana kallon fitilar hanya.

"Damuwata ɗaya ita ce Sunday service. Wa zai riƙe muku rhythm?"

Malachy ya lissafa makaɗan cocin ɗaya bayan ɗaya. Masu jita dai su biyu ne. Fitila ta ba da hanya, na baya ya danna masa hon.

"Kafin Juma'a," ya ce a hankali, "ka biyo gida ka nuna mini yadda kake yi."