Hitar Ɗakin 'Yan Tsaki

A makaranta Malama ake ce mata, don ta shekara goma sha biyar tana koyar da kimiyya. A gida kuwa har yanzu Auta ce. Ranar hutu, idan wasu mata sun fita ziyara, ita tana kan teburinta da wayoyi da dalma da 'yan allunan kwamfuta masu girman akwatin ashana, tana sa su kunna fitila ko kaɗa ƙararrawa.

Da Yayanta ya ajiye tuƙi, sai ya zuba 'yan tsaki ɗari uku a ɗakin baya na gidansa, wanda ke manne da ɗakin mahaifiyarsu, Inna. Lokacin sanyi ne. Duk bayan awa ɗaya sai ya shiga ya duba ma'aunin zafi, ya kunna hita ko ya kashe.

"Auta, na zama ɗan aikin kaji," ya ce mata. "Ko masallaci da gudu nake dawowa."

"Bar min wannan, Yaya. Zan haɗa maka abin da zai riƙa yi da kansa."

Allon zai ji zafin ɗakin, sai ya umarci rile, wato makunnin da ke buɗewa da rufewa da lantarki, shi kuma ya kunna hita. Amma wutar da allon ke fitarwa ba ta da ƙarfin jan rile. Dole a sa tiransista a tsakani. Don haka ta nufi shagon Baba Mai Rediyo, wani tsoho da ya cika kantocinsa da gwangwanayen madara, kowanne da irin kayan da ke ciki.

Ya juya rilen a hannunsa, ya karanta lambar jikinsa, sannan ya jera mata tiransista uku a kan gilashi.

"Wannan babban mai bayan ƙarfe, ƙarfi gare shi, amma yana da ci. Allonki ba zai iya ciyar da shi ba. Wannan na tsakiya sai an buga masa wuta sosai yake buɗewa gaba ɗaya, in ba haka ba ya tsaya rabi, ya yi ta zafi. Ɗauki ƙaramin."

Baƙi ne, bai fi ƙwayar wake ba, da ƙafafu uku.

"Baba, wannan ɗan abin?"

"Ya ishe ki har da saura. Me za ki kunna?"

"Hita."

Tsohon ya cire tabarau. Ya buɗe wani gwangwani, ya ɗauko wani ɗan abu mai zobe fari a gefe guda, ya naɗe shi a takarda.

"Dayod ne. Ki haɗa shi a jikin rilen. Duk lokacin da rile ya saki, yana harbin baya kamar jaki. Wannan ne ke shanye harbin. In babu shi, tiransistan ne ke sha, yau kaɗan gobe kaɗan. Kuma 'yata, ki ji da kyau, in ya tashi mutuwa, ba a kashe yake mutuwa ba. Yawanci a kunne yake mutuwa."

Ta yi dariya, ta ce abin da take koya wa ɗalibai ke nan, ta jefa kayan a jaka.

Ranar Asabar ta haɗa. Tana cikin liƙa ƙafafun tiransistan aka yi baƙi, ta tashi ta karɓe su, ta dawo bayan awa biyu ta ƙarasa. Ta gwada da ƙwan fitila. Ƙyas, ya kunnu. Ƙyas, ya mutu. Washegari ta kafa shi a bangon ɗakin 'yan tsakin, Yaya yana tsaye yana ta jinjina kai.

Kwana huɗu da haka ya kira ta.

"Auta, abin nan lafiya yake aiki. Sai dai in ya yi ƙyas ɗin nan, lambobin da ke jikin allon kan ɗauke su dawo."

"Wutar unguwarku ce, Yaya."

Ranar Juma'a ta leƙa. Ta taɓa ɗan baƙin abin da yatsa, ta ji ɗumi. Ta tsaya jim, sai Inna ta kira ta daga ɗaki ta zo ta shafa mata magani a gwiwa, maganar ta bi iska.

Ranar Talata da hantsi tana tsaron jarrabawa. Aji tsit, sai ƙarar takarda. Ta sa hannu a jaka tana laluben jan biro, yatsunta suka ci karo da wata 'yar takarda a naɗe. Ta warware. Ga dayod ɗin nan, ƙafafunsa a miƙe, dalma ba ta taɓa shi ba.

Kwana tara ke nan tiransistan yana shan harbin rilen, sau nawa a rana? Sai ta tuna abin da Yaya ya gaya mata jiya, cewa yau zai kai matarsa ganin likitan ido, tunda yanzu yana iya fita hankali kwance. Inna kaɗai ce a gidan, ita kuwa ko banɗaki sai da sanda.

Ta roƙi malamin aji na kusa ya riƙe mata, ta ɗauko wayarta a ofis. Wayar Yaya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ta Inna a kashe, kamar kullum. Ta tare mai babur.

"Don Allah ka yi sauri."

"Hajiya, kin ga dai cunkoson."

A hanya ta yi ta lallashin kanta. Wataƙila abin zai yi shekara bai lalace ba. Wataƙila ma an ɗauke wuta. Amma da suka shiga layin, ta ga fankar shagon kafinta maƙwabcin Yaya tana juyawa.

Ƙofar gidan a kulle da kwaɗo. Ta kasa kunne. Kullum tun daga nan ake jin 'yan tsakin, yau babu ko motsi. Sai wani wari, kamar an manta da dutsen guga a kan katako.

"Inna! Inna!"

Shiru.

Akwatin mita yana waje. Ta fizge murfin, ta ja babban makunnin ƙasa, ta ruga shagon kafintan.

"Malam, zo da guduma. Mahaifiyata na ciki."

Bugu uku kwaɗon ya faɗi. Suka tarar da Inna a zaune a ƙasa, a bakin ɗakin baya, ta jingina da bango, sandarta can gefe. Hayaƙi siriri yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana bi ta kanta.

"Auta ce?" Tari ya sarƙe ta. "Na ji sun yi ta kuka, sannan suka yi shiru. Na zo in buɗe musu, ƙafar ta ƙi."

Kafintan ya ciccibe ta zuwa tsakar gida. Malama ta tura ƙofar da kafaɗa, zafi ya mare ta a fuska. Garin katakon da aka shimfiɗa musu a gaban hitar ya yi baƙi, gefensa na ci ja-ja a hankali. 'Yan tsakin sun taru a bango mafi nisa, wasu kan wasu, baki a buɗe. Ta juye bokitin ruwansu a kan wutar, ta buɗe tagogi, ta durƙusa tana janye na sama daga kan na ƙasa. Na ƙasan ba su motsa ba.

A bango, tiransistan ya tsage ta tsakiya.

Bayan azahar Yaya ya dawo. Ya duba Inna tukuna, sannan ya tsaya kan buhun da aka tara matattun. Tamanin da shida.

"Wutar unguwa ce?" ya tambaya.

Malama ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa.

"A'a, Yaya. Ni ce. Wannan na manta ban sa ba. An gaya min, kuma na sani."

Ya dubi ɗan abin. Ya kalli tagar ɗakin Inna, wadda labulenta ke taku biyu daga inda garin katakon ya ƙone.

"Je ki wanke hannunki," ya ce. "Duk kin yi baƙi."

Inna ta yi sati tana tari, sannan ta warke. Malama ta sake haɗa na'urar, da dayod, da fis mai yanke wuta in zafi ya wuce kima. Ta bar ta a kan teburinta wata guda tana kunna ƙwan fitila, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ta gaya wa Yaya, ya ce madalla, ya tambayi lafiyar yara. Da kajin da suka rage suka girma ya sayar da su, ya share ɗakin, ya mayar da shi ma'ajiyar tayoyi.