Kumbon Kacalla

Akwai koren fenti a gefen farcen Malam Shu'ibu. Malama Adila ta hango fentin lokacin da ta rusuna tana gaishe shi a bakin ofis. Shugaban makarantar ba mai son abin da zai ɓata masa hannu ba ne, ko alli sai ya naɗe shi da takarda kafin ya riƙe. Ta ɗan yi mamaki, ta wuce ɗakin taro, inda za a yi baje kolin fasaha na makarantun yankin Haɗejiya da ƙarfe goma.

Daga bakin ƙofa ta ga babu bahon da ta bari a kan teburinta jiya da yamma. Abin da ta yi wata biyu tana haɗawa kuwa yana tsaye a kan gindinsa, hancinsa na kallon silin. An manne shi a kan guntun katako, an shafe shi da kore da fari, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe: HAƊEJIYA ZUWA DUNIYAR WATA.

A sito ta tsinci kwalin tun farkon zango, cikin kayan da wata ƙungiya ta taɓa kawo wa makarantar aka manta da su. Kumbon 'yan sama jannati ne na roba, gutsi-gutsi, wanda ake haɗawa da gam a ajiye don ado. Ta daɗe tana kallon hoton da ke bayan kwalin. Cikin kumbon shimfiɗaɗɗe ne, kamar cikin kwalekwalen babanta.

Baban nata, Malam Ɗahiru, masunci ne a wani ƙauye kusa da Kirikasamma. Shekara ta biyar ke nan kwalekwalensa na kife a gindin tsamiya, tun da ciyawar kacalla ta toshe mashigin ruwansu, kifi ya ƙaura, tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana yana cinye shinkafar mutane. Saboda haka Adila ba ta bi takardar da ke cikin kwalin ba. Ta yanke hancin kumbon da reza ta daddale shi. Fukafukan ta sauko da su gefe suka zama abin da zai hana shi kifewa. Bututun wutar da ke bayansa ta fasa ta yi farfelar tura ruwa. Sannan ta yanko gwangwanin madara ta yi wuƙa mai haƙora, ta ɗaura a gaba.

Da ta kai wa babanta ya gani, ya juya shi a hannu ya yi dariya.

"Uwata, wannan ai aski za ki yi mata. In kika yanke kacalla a saman ruwa, sati biyu ta dawo ta fi da kyau. A ƙarƙashin ruwa ake yankanta, ta sha ruwa ta ruɓe."

Sau uku tana sauke wuƙar, yana gwadawa da yatsa a bahon wanki, kafin ya ce ta zauna daidai. Tun da ta gama jami'a, ranar ce ta fara jin karatunta ya taɓa wani abu a gidansu. Daraktan da zai zo daga Dutse zai zaɓi aiki ɗaya ya tafi da shi, a duba ko za a iya ƙera na gaske. Abin da take so ke nan, ya ga wuƙar nan a cikin ruwa.

"Ya yi kyau ko?" Malam Shu'ibu ne a bayanta, yana gyara hula. "Da hannuna na yi bayan asuba."

"Ranka ya daɗe, ai jirgin ruwa ne. A kwance yake aiki. Bahon..."

"Bahon yana bayan kicin. Malama Adila, babban mutum zai taso tun daga Dutse, ki tare shi da bahon wanki da ciyawa? Makarantar garin Malam Madori na'urar hasken rana suka kawo. Mu kuma mu ce ga abin yankan ciyawa?"

"Mutanenmu ita ce damuwarsu."

"Mutanenku ba su ke ba da maki ba." Ya sassauta murya. "Kwalin na gani, kumbo ne. Ke kika lalata shi, ni na rufa miki asiri. Af, takardarki ta neman a tabbatar da ke a aiki tana kan teburina. Yau nake son in sa mata hannu, in an tashi lafiya."

Shekara uku tana koyarwa a matsayin malamar wucin gadi. Ta sa hannu ta ɗan girgiza kumbon. Gam ɗin ya riga ya kama.

Tara da rabi babanta ya iso. Ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, shuɗiya, da karin guga a kafaɗa, yana riƙe da jiƙaƙƙen buhu nesa da jikinsa. Tun da safe ya shiga ruwa ya tumɓuko mata kacalla da saiwarta, don Darakta ya ga ɗanya, sannan ya hau motar kasuwa.

Ya tsaya gaban teburin. Ya karanta rubutun a hankali, leɓɓansa na motsi, don bokonsa na yaƙi da jahilci ne. Ya dubi wuƙar gwangwanin, wadda yanzu take a sama tana yankan iska.

"Uwata, ina ruwan?"

"Baba, zauna tukuna. Zan yi maka bayani."

Ya samu benci na baya ya zauna, ya ajiye buhun tsakanin ƙafafunsa.

Darakta bai iso ba sai sha biyu saura. Mutum ne mai fara'a, da gilashi a kan hanci, ana biye da shi da kyamara. Ya wuce na'urar hasken rana yana gyaɗa kai, ya wuce injin ɓarar gyaɗa. A gaban teburin Adila ya ja ya tsaya.

"Kai! Wannan fa? Har kun fara shirin tafiya wata ba ku gaya mana ba?"

Aka yi dariya. Malam Shu'ibu ya matso ya yi jawabi a kan hangen nesa da yaran karkara da ƙarni na ashirin da ɗaya. Darakta yana saurare, amma idonsa na kan kumbon. Ya sunkuya, ya sa yatsa ya taɓa haƙoran gwangwanin.

"Ni ma injiniya ne kafin a ɗaure ni a ofis," ya ce. "Wannan ba na cikin kwali ba ne, da hannu aka yi shi, kuma an yi shi da lura. Malama, ke kika yi ko? Mene ne aikinsa?"

Amsar tana bakinta, ta yi wata biyu tana maimaita ta a gaban madubi. Buhun yana can baya, taku goma ne kawai. Sai ta ga hannun Malam Shu'ibu a gefen tebur, yatsan nan mai koren fenti yana ƙwanƙwasa katako a hankali, kamar mai jiran a miƙo masa biro.

"Eriya ce, ranka ya daɗe," ta ce. Da ƙyar ta ji muryarta. "Ta magana da ƙasa."

Darakta ya ɗan ƙara duban haƙoran. Ya ɗaga kafaɗa.

"To, madalla. Irin wannan tunanin muke nema. A rubuta shi, da shi za mu tafi."

Tafi ya ɓarke. Malam Shu'ibu ya karɓi hannun Darakta da hannu biyu, mai kyamara ya ce Malama ta matso ta yi murmushi. Ta matso. Ta saman kafaɗar Darakta take hango bencin baya.

Malam Ɗahiru ya miƙe. Ya kakkaɓe bayan rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki buhun, ya tallabe gindinsa da hannu ɗaya don kada ya ɗiga wa mutane ruwa a ɗaki. Ya raɓa ta bayan masu tafi, ya fita ta ƙaramar ƙofa. A inda buhun ya zauna akwai danshi a kan siminti, faɗinsa bai wuce faifai ba, ya fara bushewa daga gefe.