Sa'a Dubu Uku a Sama, Minti Shida a Akwati

A takardun soja sunan abin ya cika layi biyu: Na'urar Horar da Matuƙa Kan Tuƙi Ba Tare da Ganin Ƙasa Ba. Manjon sansanin ne kaɗai ke faɗinsa duka, shi ma sai in an yi baƙi. Kowa a sansanin na Enid, a Amurka, shuɗin akwati yake cewa. Akwati ne mai guntayen fukafukai, a kan zugazugi, ka shiga a rufe ka, ka yi tuƙi da kallon agogan gabanka.

Orpha Tillery ce ke kula da na huɗu. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, amma ta kayar da matuƙa sun fi ɗari daga kan kujerarta.

Laftanar Lyman Pruitt ya zo da furfura da farin gyale. Shekara ashirin yana feshin gonakin auduga.

"'Yar nan, sa'a dubu uku na yi a sama. Wannan akurkin zan shiga?"

"Kaji ma sunkuyawa suke yi, yallaɓai. A kula da kai."

Minti shida ya faɗo. Washegari ma haka. Saura gwaji ɗaya, in ya faɗi a sallame shi gida.

A kan teburinta akwai kaguwa, 'yar na'urar da ke zana hanyar matuƙi da jan tawada. Ta miƙa masa zanen. Ya yi ta nesanta takardar da fuskarsa har hannunsa ya ƙare.

"Agogan fa, kana ganin lambobinsu?"

Ya ajiye takardar.

"A sama ba lamba nake bi ba. Jikina ke gaya min."

"Cikin gajimare jiki ƙarya yake yi."

"Na sani." Ya rage murya. "Ki rubuta cewa na ci gwajin, Orpha. Yaran garinmu duk sun tafi yaƙi. Ni kuma in koma feshin tsutsa?"

Ta dube shi. Mutum tara za a zuba masa a jirgi, duk sa'anninta. Ta rubuta abin da ta gani.

Ranar Litinin ya dawo ba gyale, da tabarau irin na kakarta. An hana shi tashi, amma maimakon sallama an ba shi kula da akwati na biyar. Ya zauna ya ƙura wa kaguwar ido.

"Ta ina ake zuba mata tawadar?"

"Matso, Baba," in ji Orpha.