Robar Bakin Baba Shazli

Har yau idan na ga butar shayin nan, raina ɓaci yake yi.

Mahaifina, Baba Shazli, da nutso ya ci da mu a nan Ƙusair, garinmu na bakin teku, yana kankare ƙasan jirage. Na'urar numfashinsa tsohuwa ce, mai mesa biyu, kuma duk wanda ya taɓa nutso da ita ya san halinta: mesar tana jan robar baki sama, sai mai haƙora ke iya riƙe ta. To haƙoran Baba sun ƙare. Kullum ya fito dasashinsa na jini. Mai jirgin da yake wa aiki ya ce idan robar ta sake kuɓuce masa a ruwa, ya sallame shi.

Ni na sa aka nemo masa sabuwar roba daga Alƙahira, irin wadda ake tsomawa a tafasasshen ruwa, mai ita ya ciza, ta ɗauki siffar bakinsa. Cizo ɗaya take karɓa. Na ɗora buta, na leƙa gaci kiran Baba.

Muna shigowa na tarar da mijina Gabir, wanda suke nutso tare da Baba, tsaye gaban murhu da robar a bakinsa. Ya cije ta tamau.

"Innalillahi! Baban Salma, me zan gani haka?"

Ya zaro ta. Ga shatin haƙoransa nan reras, ƙato da haƙora kamar na jaki.

"Gwadawa na yi."

"Gwadawa? Kai da ka shekara nawa a ruwa ba ka san ba ta cizuwa sau biyu ba? Wa za ka raina wa hankali?"

"Nagah, sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba! Abincin tsoho ka cinye, mara tausayi kawai!"

Sai ya juyo, idonsa jajir. "To da gangan na yi, sai me? Ranar Talata wa ya jawo shi daga ƙarƙashin jirgi leɓensa ya yi baƙi? Ba roba ce ta kuɓuce ba, suma ya yi. Tambaye shi mana! Ki gyara masa baki, ni kuma in kawo miki gawa?"

Na dubi Baba ina jira ya ƙaryata. Bai ƙaryata ba. Ya karɓi robar, ya ɗaura ta a jikin mesar, ya ƙulle da kyau kamar yadda ya saba, sannan ya rataya wa Gabir na'urar a wuya.

"Tunda bakinka ta sani, taka ce. Ka riƙa wanke ta da ruwan daɗi, gishiri yana cin mesar."

Gabir ya yi gaskiya, na sani, kuma ban yafe masa ba. Kullum da safe Baba yana fitar da kujerarsa ƙofar gida kamar da. Sai dai yanzu baya yake juya wa teku.