Libarbar Hamad Mai Aski

A shekarar da 'yan sanda suka ɓace daga titunan Alƙahira, kowane rago a unguwar Hayyin Ashir ya zama jarumi. Hamad mai aski, wanda ko ɓera ya gani sai ya ɗale kujera, shi ma ya samo libarba wajen wani dillalin tsofaffin ƙarafa. Ƙaramar bindiga ce mai ganga tana juyawa, ta tsufa har baƙinta ya koɗe. Harsasai kuwa wani direban mikrobas, ƙaramar bas ta haya, ne ya kawo masa a kwali.

Matarsa Bakhita ba ta damu da jarumtakarsa ba. Hannun damansa ta damu da shi, don shi ke riƙe almakashi, almakashin kuma shi ke ciyar da gidan. Ga shi ya yi rantsuwa a shago cewa ranar Juma'a, a bikin auren ƙanensa Osama, zai harba sama har a ji a Giza.

Ana gobe biki da hantsi ta tarar da shi a saman bene yana goge bindigar da tawul ɗin aski. Ta leƙa. Ba ta yi boko ba, amma wayar hannu ta koya mata lambobin Turawa. A jikin bindigar an zana uku da takwas. A jikin kwalin kuwa uku, biyar, bakwai.

"Abu Wijdan," ta kira shi da alkunyarsa, "wannan lambar ba ita ce waccan ba."

"To ai ta kwalin ta fi yawa," in ji Hamad. "Alheri ne ya ƙaru." Ya tura harsashi cikin gangar, ya zauna daram. "Kin gani? Ya shiga. Khalas, shi ke nan."

"Kai ma ka shiga wandon Osama ranar Idi. Da ka sunkuya fa?"

"Ke mace, me kika sani game da makami?"

Ta dube shi sama da ƙasa. Namiji har namiji, gashin baki kamar tsintsiya, amma ya riƙe bindigar nesa da jikinsa kamar mai riƙe da maciji. Nan ta gane tsoro yake ji, bakinsa ne ya kai shi inda ba zai iya dawowa ba. Irin Hamad ba a hana shi abu, sai dai a ba shi ƙofar fita mai ado.

"Ban san komai ba," ta ce. "Na dai ji manyan hafsoshi ba sa fara harbi da hannu. Ɗaure ta suke yi, su ja da igiya daga nesa. Amma wannan aikin manya ne."

Hamad ya murza gashin baki. "Dama abin da nake shirin yi ke nan, kika cika ni da surutu. Yalla, kwanto igiyar shanya."

Ya ɗaure bindigar a jikin rodin da magina suka bari, bakinta na kallon sama, ya zarga igiya a kunamar. Sannan ya laɓe bayan ɗakin tattabarun maƙwabci, ya rufe ido, ya fizga.

Ƙarar ba ta yi kama da harbi ba, sai ka ce tukunyar gas ta fashe. Tattabaru suka watse. Da hayaƙi ya washe, gangar ta buɗe kamar cikakken rumman, wani ɓallin ƙarfe kuma ya huda tankin ruwan gidan, ruwa na tsartuwa a kan zannuwan mutane. Inda yatsun mutum za su kasance babu komai sai baƙin ƙuna a jikin igiya.

Hamad ya fito da rarrafe, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Daga ƙasa aka soma kiran sunansa. Sai ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya leƙa ta kan katanga.

"Ma'alish, a yi haƙuri, jama'a! Harsasaina ne suka fi ƙarfin bindigar!"

Bakhita ta yi tsaki. Ta ɗebe kwalin ta ƙulle a gefen mayafinta, ta ɗauki tawul ɗin ta wurga masa a kafaɗa.

"Sauka, jarumi. Ango yana shago yana jiran aski."